Bishiyoyi a saman benaye: amfani da illar shuka a kan dogayen gine-gine

Daga Milan zuwa Singafo, manyan biranen duniya na ƙara rungumar dabarar dasa itatuwa a rufi da barandar dogayen gine-gine da zummar rage zafi da gurɓatar iska. To sai dai abubuwan da suka faru a wasu wurare sun nuna cewa lamarin na tattare da tsada, a wasu lokutan ma har da haɗari.

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Porta Garibaldi da ke birnin Milan a arewacin Italiya, ya ɗan taka zuwa unguwar Porta Nuova, zai yi kiciɓis da wasu benaye biyu da ba su yi kama da maƙwabtansu ba. Daga nesa mutum ba ya ganin bango sosai, sai ganye da rassa tun daga hawa na farko har zuwa ƙololuwa. Ɗaya daga cikinsu ya kai tsawon kimanin mita 110, ɗayan kuma mita 76, kuma a tsakaninsu suna ɗauke da bishiyoyi kusan 800, ban da dubban ƙananan itatuwa da furanni. Sunan da aka raɗa musu da harshen Italiyanci shi ne Bosco Verticale, wato daji a tsaye.

Masanin zanen gine-gine Stefano Boeri da abokan aikinsa ne suka tsara benayen, waɗanda aka fara ginawa a shekarar 2009 aka kuma buɗe a watan Oktoban 2014. A wannan shekarar suka lashe wata babbar lambar yabo ta dogayen gine-gine da ake bayarwa a birnin Frankfurt na Jamus, kuma tun daga lokacin hotunansu suka bazu a duniya. A yau da wuya a ga zanen wani sabon bene da ake tallatawa a Turai ko Asiya ba tare da an lafta masa koren ganye a baranda ba. Tambayar da masana ke ta muhawara a kanta ita ce, shin kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Ba sabon abu ba ne

Sha'awar ɗan Adam ta ɗaga lambu sama tsohuwa ce. Marubutan Girka da Rum sun bayar da labarin lambunan Babila da ke ƙasar Iraƙi ta yanzu, waɗanda aka ce an shuka su hawa-hawa a kan gini, ko da yake masu tonon kayan tarihi ba su gano kufansu a Babila ba, lamarin da ya sa masaniya Stephanie Dalley ta jami'ar Oxford ta ce a birnin Nineba, kusa da Mosul, suke. A garin Lucca na Italiya kuwa har yanzu akwai wata hasumiya ta ƙarni na 14, mai tsawon kimanin mita 45, da bishiyoyi a tsaye a kanta.

Amma salon da ake gani a wannan zamani ya samo asali ne daga Jamus, inda tun a shekarun 1970 aka duƙufa wajen binciken yadda za a shimfiɗa ƙasa a kan rufi ba tare da ruwa ya yoyo cikin ɗaki ba. Birnin Stuttgart, wanda ke cikin kwari inda iska ba ta zagayawa yadda ya kamata, ya fara bai wa masu gidaje tallafin kuɗi domin wannan aiki a shekarar 1986. A 2002 birnin Basel na ƙasar Suwizalan ya ɗauki matakin da ya fi wannan, inda ya wajabta shuka a kan duk wani sabon gini mai shimfiɗaɗɗen rufi.

A nan akwai buƙatar a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne rufin da aka shimfiɗa wa ƙasa 'yar kaɗan, wadda zurfinta bai wuce santimita 15 ba, aka shuka ciyawa ko wasu tsirrai masu kaurin ganye da ke jure ƙishirwa. Na biyu shi ne bangon da aka lulluɓe da tsirrai, ko dai masu yaɗo daga ƙasa, ko kuma waɗanda aka dasa cikin aljifai a jikin bangon. Na uku shi ne irin na Milan, wato manyan bishiyoyi a baranda ko a rufi. Kusan duk alfanun da bincike ya tabbatar an same shi ne a kan nau'i na farko, alhali kuwa nau'i na uku ne ya fi ɗaukar hankalin jama'a, shi ne kuma ya fi cin kuɗi.

Maganin zafi

Babbar hujjar masu goyon bayan wannan tsari ita ce zafi. Kankare da kwalta da ƙarfe suna shan zafin rana su riƙe shi, sa'annan su riƙa sakinsa sannu a hankali cikin dare, abin da ya sa tsakiyar babban birni kan fi ƙauyukan da ke kewaye da shi zafi da digiri da dama. Ganye kuwa aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana tare rana kafin ta kai ga bango, kuma yana fitar da ruwan da saiwa ta zuƙo ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinsa. Wannan ruwa idan ya tashi ya zama tururi sai ya tafi da zafi, kamar dai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da take yi.

Lamarin ba na jin daɗi kawai ba ne. A watan Yulin 1995 tsananin zafi ya hallaka mutane fiye da 700 a birnin Shikago na Amurka cikin 'yan kwanaki, yawancinsu tsofaffi da talakawa. Bayan wannan ne hukumomin birnin suka dasa lambu a kan rufin hedkwatarsu, aikin da aka kammala a 2001. Da yake rabin ginin na wata hukuma ce daban wadda ta bar nata rufin da baƙar kwalta, sai aka samu damar yin kwatance. A wata rana ta watan Agusta, awon da aka yi ya nuna cewa zafin ɓangaren da ke da shuka ya tsaya tsakanin digiri 33 da 48 a ma'aunin Salshiyos, a yayin da na ɓangaren kwalta ya kai digiri 76. A nahiyar Turai ma, wani bincike da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa zafin bazarar 2022 ya yi sanadin mutuwar mutane sama da 61,000, kuma Italiya ce ta fi kowace ƙasa asarar rayuka.

Ga mazauna cikin gini, ribar a bayyane take. Bangon da bai gasu da rana ba, ba ya tura zafi cikin ɗaki, saboda haka na'urar sanyaya ɗaki ba ta shan wuta da yawa. A Milan an lura da wannan har wajen zaɓen irin bishiyar da za a sa a kowace kusurwa, inda aka yi la'akari da yawan ranar da kowane ɓangare ke samu, aka kuma yi amfani da masu zubar da ganye a lokacin sanyi a wuraren da ake son haske ya shiga.

To amma akwai iyaka. Rufi yana kare hawan da ke ƙarƙashinsa ne kai tsaye, don haka a bene mai hawa 30 lambun da ke kan rufi ba ya tsinana wa mazauna hawa 28 ko 29 na ƙasa wani abin kirki. Haka kuma bishiyar da ke hawa na 20 ba ta yi wa mai tafiya a ƙasa inuwa. Wani nazari da masana na jami'ar University College da ke Landan suka fitar a 2024, inda suka yi amfani da kwamfuta wajen kwaikwayon yanayin wasu ranaku biyu masu zafi na bazarar 2018, ya gano cewa da a ce an shafa wa rufin gidajen birnin farin fenti ko wani abu mai mayar da hasken rana, da zafin waje ya ragu da kimanin digiri 1.2, alhali tasirin rufi mai shuka, idan aka haɗa dare da rana, bai taka kara ya karya ba. Farin fenti kuwa ba ya buƙatar ban ruwa.

Ruwan sama da sauran alfanu

Inda rufi mai shuka ya fi nuna bajinta shi ne wajen ruwan sama, duk da cewa ba a cika ambaton hakan a tallace-tallace ba. A birnin da aka shafe ko'ina da siminti, ruwan da ya sauka ba shi da inda zai nutse, sai ya kwarara gaba ɗaya cikin magudanai a lokaci guda, su cika su batse. Ƙasar da ke kan rufi kuwa tana tsotse ruwan kamar soso. Wani ɓangare tsirrai su sha, wani ya bushe ya koma sama, ragowar kuma ya sauko a hankali bayan ruwan ya ɗauke. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka sun nuna cewa irin wannan rufi kan riƙe kusan rabin ruwan da ya sauka a kansa a tsawon shekara, ko ma fiye, gwargwadon zurfin ƙasar. Sai dai idan aka jera kwanaki ana tafka ruwa, soson kan ƙoshi, daga nan kuma duk abin da ya sauka wucewa yake yi. Wannan alfanu ne ya sa garuruwa da dama a Jamus ke rage wa masu irin wannan rufi kuɗin magudanar ruwa.

Kazalika ƙasar na kare shimfiɗar hana yoyo da ke ƙarƙashinta daga rana da sauyin zafi da sanyi, waɗanda su ne ke sa ta tsagewa, ta yadda takan ninka shekarun da za ta yi kafin a sauya ta. A birnin Sidni na Ostareliya wani gwaji da aka yi a kan gine-gine biyu maƙwabtan juna ya nuna a 2021 cewa farantan samar da wuta daga hasken rana da aka kafa a kan rufi mai shuka sun ba da wutar da ta zarce ta ɗaya rufin da kashi 3.6 cikin 100, saboda farantan sun fi aiki idan ba su yi zafi da yawa ba. A Basel kuma masanin kimiyya Stephan Brenneisen ya gano nau'o'in ƙwari da gizo-gizo masu yawa a kan rufin gine-gine, ciki har da waɗanda ba a cika samu ba. Ganye yana kama ƙura, yana kuma rage hayaniyar titi, ko da yake babu wani bene guda da zai iya tsabtace iskar birni kamar Milan, wanda ke cikin ɗaya daga cikin yankunan da suka fi fama da gurɓatar iska a Turai.

Nauyi da iska

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsala ta farko da injiniya zai tunkara ita ce nauyi. Ƙasa jiƙaƙƙiya mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya da zurfin mita ɗaya ta haura tan ɗaya da rabi, wato nauyin buhunan siminti 30 ke nan a wuri guda. Ko rufi mai 'yar siririyar ƙasa kan ɗora wa gini tsakanin kilo 60 zuwa 150 a kan kowane murabba'in mita idan ya sha ruwa. Bishiya kuwa tana buƙatar ƙasa mai zurfin kusan mita guda, kuma ita kanta ƙara nauyi take yi kowace shekara.

A Milan an shawo kan wannan ne ta hanyar gina barandu masu kaurin kankare da suka turo waje da fiye da mita 3, aka kuma gauraya ƙasar da tsakuwar dutse mai aman wuta, wadda ba ta da nauyi. Daga nan sai batun iska, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa gwargwadon yadda aka yi sama. Reshen da ya karye a daji ba ya cutar da kowa, amma wanda ya faɗo daga tsawon mita 100 a kan titi yana iya kisa. Saboda haka sai da aka yi gwaje-gwaje a ɗakin gwajin iska na jami'ar fasaha ta Milan, aka kuma gwada bishiya ta gaske a wata cibiya da ke birnin Miami na Amurka inda ake kwaikwayon guguwa. A ƙarshe an ɗaɗɗaure saiwoyin a cikin mazubansu, an kuma ɗaure gangar manyan bishiyoyin da igiyoyin ƙarfe, ta yadda ko ta karye ba za ta faɗo ƙasa ba. Bishiyoyin ma kansu an yi renon su na musamman a wani lambu na tsawon lokaci kafin a ɗaga su sama da ƙugiya.

Abin da kan faru idan ba a yi irin wannan lissafi ba ya bayyana a Hong Kong a ranar 20 ga watan Mayun 2016, lokacin da rufin wani babban zauren wasanni na jami'ar City University ya rufta, mutane uku suka jikkata. An gina zauren ne shekaru da dama kafin nan ba tare da tunanin zai ɗauki ƙasa ba, daga baya aka zo aka shimfiɗa masa ciyawa, kuma binciken da aka gudanar ya nuna cewa an ɗora wa rufin nauyin da ya wuce ƙarfinsa. Allah ya taƙaita, babu taro a cikin zauren a wannan lokaci, duk da cewa wuri ne da ɗalibai ke rubuta jarrabawa.

Batun nauyi kuma shi ne ke raunana iƙirarin da ake yi cewa irin waɗannan benaye na taimakawa wajen yaƙi da ɗumamar yanayi. Ƙarin nauyi na nufin ƙarin kankare da rodi, alhali masana'antar siminti kaɗai ce ke fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Lissafin ba shi da wuya. Ƙiyasin da aka fi amfani da shi na cewa babbar bishiya na shan kimanin kilo 22 na wannan iska a shekara. Idan aka ninka da 800 za a samu ƙasa da tan 18. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta ƙiyasta cewa ƙaramar mota guda a ƙasar na fitar da kimanin tan 4.6 a shekara. Ke nan, ko da an ɗauka cewa duk bishiyoyin benayen Milan manya ne, abin da suke sha a shekara bai wuce hayaƙin motoci huɗu ba. Duk wanda ke son kare waɗannan gine-gine, to ya nemi wata hujjar.

Wa zai kula da su?

Bishiyar da ke ƙasa tana iya miƙa saiwarta neman ruwa. Wadda ke cikin mazubi a hawa na 15 ba ta da wannan dama, rayuwarta ta rataya ne a kan bututu da injin tura ruwa da wutar lantarki. A unguwar Islington da ke Landan, wani bango mai tsirrai da aka kashe kimanin fam 100,000 wajen yin sa ya bushe ƙurmus a 2009 bayan tsarin ban ruwansa ya samu matsala. Busasshen ganye a jikin bene kuma makamashi ne. Tun bayan gobarar benen Grenfell ta 2017 da ta ci rayuka 72, wadda ba ta da alaƙa da shuka, Ingila ta haramta amfani da kayan da ke iya kamawa da wuta a bangon wajen dogayen gidajen kwana, dokar da ta sa lulluɓe irin waɗannan gine-gine da tsirrai ya ƙara wuya.

Misalin da ya fi yin ƙaurin suna shi ne na birnin Chengdu da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin. A can an gina wasu benaye takwas da aka yi wa kowane gida lambu a baranda, aka kuma sayar da dukkan gidajen 826. To amma a watan Satumban 2020 jaridar Global Times ta ƙasar ta ba da rahoton cewa iyalai kimanin goma ne kacal suka tare, a yayin da hotuna suka nuna rassa sun cinye barandu, sauro kuma ya yi kaka-gida. An yi ta yaɗa labarin da cewa sauro ne ya kori mutane, amma akwai wani abin lura. Sayen gida a ajiye shi babu kowa a ciki, ana jiran ya yi daraja, abu ne da aka saba gani a biranen Sin a waɗancan shekaru, kuma lambun da aka bar wa mai gida ya kula da shi, idan mai gidan ba ya nan, daji zai koma.

A Milan hanyar da aka bi daban ce. Tsirran ba mallakin mazauna gidajen ba ne, na ginin ne baki ɗaya, kuma mai gida ba shi da ikon sarewa ko sauya bishiyar da ke barandarsa. Ban ruwa daga cibiya guda ake sarrafa shi. Akwai kuma ƙwararrun ma'aikata da ke saukowa daga rufi a kan igiya, kamar masu hawan duwatsu, suna sassabe rassa suna duba lafiyar itatuwan. Wannan ne ya sa bayan fiye da shekaru goma benayen ke nan kore shar. Sai dai duk wannan hidima kuɗi ce, kuma mazauna ne ke biya. Gidajen na cikin mafiya tsada a birnin, a unguwar da hukumar zuba jari ta ƙasar Katar ta mallake a 2015. Masu suka na ganin cewa dajin da sai mai hannu da shuni ne ke shiga inuwarsa ba zai maye gurbin filin shaƙatawa da kowa ke da haƙƙi a cikinsa ba, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya. Shi kansa Boeri ya yi ƙoƙarin mayar da martani a aikace, inda a 2021 aka buɗe wani bene da ya tsara a birnin Eindhoven na ƙasar Holan, mai ƙananan gidaje 125 na haya mai rahusa, kowane da bishiyarsa a baranda.

Yanayi ne ke yanke hukunci

Ƙasar da ta fi kowace nisa a wannan fanni ita ce Singafo. A 2009 gwamnatin ƙasar ta ɓullo da ƙa'idar cewa a wasu unguwanni duk wanda ya gina bene sai ya mayar da koren da ya cinye a ƙasa ta hanyar shuka a rufi ko baranda ko bango, ta kuma ƙaddamar da shirin biyan har rabin kuɗin aikin ga tsofaffin gine-gine. Otal ɗin Oasia da aka kammala a tsakiyar birnin a 2016 an lulluɓe shi ne da ragar ƙarfe ja, wadda nau'o'in tsirrai masu yaɗo 21 ke hawa a kanta, dabarar da ta fi ɗora bishiya sauƙi nesa ba kusa ba, tun da yaɗo ba shi da nauyi kuma ba ya buƙatar ƙasa mai yawa.

Amma Singafo na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kuma babu watan da ba a yin ruwa. Ƙasa ce mai arziki da ƙarancin fili, wadda kuma ke da jami'an da ke shiga gida-gida suna cin tarar duk wanda aka samu da ruwa kwance da sauro ke haihuwa a ciki. Duk da haka a 2020 mutane fiye da 35,000 ne suka kamu da zazzaɓin dengi a ƙasar.

Idan aka juyo ga biranen yankin Sahel, lissafin ya sha bamban. Ruwan da birnin Yamai ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kuma a Kano akan shafe kimanin watanni bakwai babu ruwan sama na a zo a gani, ga hunturu mai busar da ganye, ga kuma bazarar da zafi ke haura digiri 40. Tura ruwa zuwa hawa na goma a kullum, a garin da famfo da lantarki ba su da tabbas, nauyi ne da gidaje ƙalilan za su iya ɗauka. Sa'annan Najeriya ita kaɗai ce ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, don haka mazubin da ba ya tsiyayar da ruwa ba ƙaramar barazana ba ce. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa ma sun daɗe da sanin abin da saiwa ke yi wa gini, shi ya sa ake cire ciyawar da ta tsiro a kan soro, a gyara yaɓe da indararo kafin damina ta kankama, ba a kuma barin ɗan cediyar da tsuntsu ya shuka a tsagar bango ya girma. A ƙasar da rushewar benaye ta zama ruwan dare, jibga ƙasa a kan dakalin rufin da injiniya bai auna ƙarfinsa ba ganganci ne. Darbejiya guda a ƙofar gida za ta ba da inuwar da ta fi ta bishiyoyi da dama a baranda, kuma da zarar ta kama ƙasa ba ta neman kowa ya ba ta ruwa.

Hakan ba ya nufin cewa rufi ba shi da amfani a nahiyar Afirka. A 2019 an sanar da shirin gina wasu gidaje uku irin na Boeri a sabon babban birnin Masar, amma abin da ya fi shiga rayuwar talakawa shi ne ƙaramin noma. A Alƙahira akwai iyalai da ke noman ganye da tumatir a kan rufin gidajensu cikin ƙananan akwatuna. A Dakar kuwa tun 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da gwamnatin Senegal, ta fara koya wa mazauna birnin, akasarinsu mata, noman latas da na'a-na'a da tumatir a kan teburan katako da ake iya ajiyewa a tsakar gida ko baranda ko rufi. Maimakon ƙasa, abin da ake zubawa a cikin teburan shi ne ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, wani lokaci a haɗa da 'yar tsakuwa, kuma ruwan da ya tsiyayo ta ƙasa akan tare shi a bokiti a sake zuba wa shukar.